Kai a Sama, Kayanka a Ƙasa

Ran nan da la'asar ɗan ƙanwata ya shigo gida da wani ɗan ƙunshi da bai kai ƙwaryar fura ba, yana murmushi kamar wanda ya tsinci dami a kala. Ya kwance, sai ga wani ƙyalle kore mai santsi, da igiya a kowane bakinsa. Gadon lilo ne, wanda masu Faransanci ke ce wa amak, wai a wurin masu gwanjo ya samo shi. Shi da abokansa na fada sun shirya za su kwana biyu a lambun mangwaron mahaifin ɗayansu, can ƙetaren kogi, gaba da Harobanda. Ya ce, "Kawu, ka ga na rabu da kunama ke nan. Ni da ƙasa sai dai gaisuwa daga nesa." Na ce, "Madalla. To takalminka fa, shi ma a sama zai kwana? Jakarka fa? In fitsari ya tashe ka ƙarfe uku na dare, a kan me za ka sauke ƙafa?" Ya yi shiru yana sosa ƙeya.

Shirun nan nasa ne ya sa nake rubuto muku, ƙannena da ƴaƴana. Ba hana ku zan yi ba. Ni ma na sha kwana a waje: a gonar kakana a ƙasar Arewa, a gefen hanya in motar Damagaram ta lalace, a bakin kogi tare da masunta. Kuma ai duk ɗan Yamai ya san kwanan waje. In Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke, ɗakin kwano ya koma tanderu, babu mai jiran a ce masa ya ja tabarma zuwa tsakar gida. Sai dai tsakar gida an share ta da yamma, an yayyafa mata ruwa, kaji sun wuni suna tsince duk abin da ke motsi a cikinta, ga bango, ga ƙusa, ga ɗaki kusa in hadari ya taso. Daji babu wanda ya share muku shi.

Shi wannan gado ba namu ba ne, amma ba shi da laifi. Turawa sun fara ganinsa ne wurin mutanen tsibiran Karibiyan lokacin da Kolumbus ya isa can a 1492, matuƙan jiragen ruwa suka ɗauka domin yana bin tangaɗin jirgi ba ya zubar da mai barci, kuma har gobe akwai gidaje a arewacin Burazil da shi ne gadonsu. A bazara irin tamu yana da daɗi ƙwarai, don iska na ratsa bayanka maimakon ƙasar da ta wuni tana shan rana ta gasa ka. Illarsa ɗaya ce, kuma ba a jikin ƙyallen take ba, a kan mai shi take. Da zarar ya ɗaga ka sama sai ka manta da ƙasa, alhali duk abin da ka zo da shi yana can, kai kanka can za ka koma.

Bari in ba ku labarin yadda na san haka. Ina ɗalibi, jarrabawa ta gabato, mu huɗu muka gudu daga hayaniyar gari muka tare a wani lambu a bakin kogi don mu yi bita. Littattafaina da takardun da na rubuta da hannuna tun farkon shekara suna cikin wata jakar yadi. Waɗanda nake karantawa na fitar, sauran na jingine jakar a gindin mangwaro, na ce ai nan inuwa ce, kuma rani ne, babu ruwa. Kwana biyu ban taɓa ta ba. Ran na uku da safe na kama hannunta na ɗaga, sama ta biyo ni, gindi ya zauna. Gara ta yi gini da jar ƙasa tun daga tushen bishiyar har cikin jakar, ta mai da karatun wata huɗu kamar rariya. Tsohon da ke gadin lambun ya zo ya tsaya a kaina, bai ko yi mini jaje ba. Ya nuna mini wata gwafa da ya kafa kusa da bukkarsa: buhun garinsa, rigarsa ta Juma'a, rediyonsa, kowanne a rataye. Ya ce, "Ɗan makaranta, ƙasa ba ta karɓar ajiya. Abin da ka ba ta, ka ba ta ke nan." A lokacin haushinsa na ji. Yau ga shi ina maimaita muku maganarsa.

Gara ba ta son haske, ba ta son busasshiyar iska, shi ya sa take gina wa kanta rufaffiyar hanya da laka tana aiki a ɓoye. Abincinta takarda, kwali, auduga, itace, kaba. Ke nan tabarmar kaba da kuke ganin ita ce shimfiɗa, a wurin gara akushin tuwo ce. Dare ɗaya ba lalle ta yi mata illa ba, amma ku bar ta kwana uku a wuri guda ku ɗaga ku gani.

Saboda haka abu na farko da za ku sa a jaka, tun kafin shi gadon, shi ne shimfiɗar ƙasa wadda ruwa ba ya ratsawa. Ku je Katako ku sa a yanko muku tamfol, abin da mutanen Yamai suka fi sani da bash, kamar mita biyu a tsaye, ɗaya da rabi a kwance. Wanda aljihunsa bai kai ba ya farke buhunan shinkafa biyu ko uku ya kai wa tela ya haɗe su. Wannan zai yi masa rani, amma ya sani saƙa ce, danshi na bi ta cikinta. In da hali ku zaɓi mai haske, fari ko ruwan ƙasa-ƙasa mai haske, kada ku ɗauki baƙi don wai ba ya nuna dauɗa. Ai nunawar ake so. Kunamar da ta hau farin tamfol, da ka haska tocila ka gan ta. Makullin babur ko katin waya da ya suɓuce maka cikin dare, a kansa za ka tsince shi. Wanda ya taɓa neman ɗan ƙaramin abu cikin rairayi da wayar da cajinta ya kusa ƙarewa ya san abin da nake faɗi.

Wurin shimfiɗar ƙarƙashin gadon, daidai inda ƙafa ke sauka. Nan ne daɓen ɗakinka. Nan za ka tsaya ka sake tufa, nan za ka zazzage jaka, nan za ka ɗora tabarma ko buzu ka yi sallah, nan za ka kakkaɓe ƙafa kafin ka hau, don rairayin da ya shiga gadon lilo gangarawa yake ya taru daidai ƙugunka, ya kwana yana gurzar ka. A kaka kuwa, lokacin da ƙarangiya ta nuna, shimfiɗar nan ce kaɗai tsakaninka da wuni guda na tsince ƙaya daga bargo. Duk wanda bargonsa ya taɓa faɗawa cikin ƙarangiya ba ya bukatar dogon bayani. Haka tsidau, wanda ke kwance lamo a ƙasa da ƙahoninsa yana jiran tafin ƙafa.

Kafin a shimfiɗa, a share wurin tun da sauran rana. A yi tsintsiya da reshe, a kawar da busassun ganye da ɓawo da duwatsu, amma da sanda ko ƙafa mai takalmi, ba da hannu ba, don ƙarƙashinsu ne kunama ke wuni. A duba ramuka. In an ga shuri kusa, ko an ga jar laka ta bi gindin bishiya, a matsa gaba. Kusurwoyi huɗu a kafe su da ƴan turaku, ko a danne da leda cike da rairayi. Ga kuma abin da masu sayar da tamfol ba za su gaya muku ba: shimfiɗa ba katanga ba ce. Kunama na iya hawa kanta, kuma ta fi son shiga ƙarƙashinta, inda akwai duhu da ɗan sanyi. Ita da shanshani ku kuka gina musu masauki. Don haka da safe ba a cusa yatsu a ƙarƙashi a ɗaga. A kama kusurwa guda, a ja ta gefe, a tsaya a duba.

Takalmi shi ne babban tarko. Yana da ɗumi, yana da duhu, bakinsa a buɗe. Ko dai ka kafa sanduna biyu ka kife kowace ƙafa a kan guda, ko ka ɗaure igiyoyinsu ka rataye, ko ka jefa su cikin leda ka ƙulle. Kowanne ka yi, da safe sai ka buga shi ka zazzage kafin ka zura ƙafa, ko da ka rantse babu abin da ya shiga. Ni yau shekara nawa, ko a ɗakin otal nake sai na buga takalmina, har matata na yi mini dariya. Silifas kuwa su kwana a kan shimfiɗa inda ƙafarka za ta same su. Dokar dare guda ce: haske ya riga ƙafa sauka. Harbin kunama ga babba yawanci azaba ce ta kwana ɗaya, ga ƙaramin yaro kuwa yana iya zama ajali, balle irin na ƙasar Agadas. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne kububuwa. Ɗan ƙaramin maciji ne, launinsa launin ƙasa, da dare yake yawo, in ya ji motsi ba ya gudu sai ya naɗe yana goga jikinsa yana wani sauti kamar ruwa ya zuba a kasko mai zafi. Dafinsa hana jini daskarewa yake, kuma a duk faɗin ƙasashenmu babu macijin da ya kai shi kisa. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da agogo, a hana ƙafar motsi, a ɗauki mutum a kai asibiti, ko da ya ce ya ji sauƙi. Wannan sauƙin na farko shi ke yaudarar mutane.

Yanzu kaya. In kun lura da kyau, babu wani sabon ilmi a nan. Ku dubi rumbu: ba a taɓa zaunar da shi a ƙasa, sai a kan duwatsu, iska na wucewa ta ƙarƙashi, danshi da gara ba su kai ga hatsi. Ku dubi ragaya a ɗakin kakarku, inda take rataye ƙwaryar nono. Salka ratayewa ake, gafakar malam ratayewa ake. Ku shiga gidan tarihi na Bubu Hama, wanda ke nan tsakiyar gari tun 1959, ku kalli irin mazaunan mutanen ƙasar nan da aka kakkafa a ciki. Buzu yana tsakiyar hamada inda ruwa bai cika sauka ba, amma gadonsa a ɗage yake, jakunkunan fatarsa suna kan sandunan da aka sassaƙa musamman don su. Bororo ba ta da bango ko ɗaya, amma ƙorenta suna jere a kan ɗan dandamali. Mutanen da suka fi kowa sanin ƙasa su suka fi kowa ƙin ba ta ajiya. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi.

Abin da in ya ɓace tafiyar ta lalace, da shi za ka kwana: waya, kuɗi, katin shaida, makulli, tocila, tabarau, maganin da kake sha. Amma ba cikin aljihu ba, ba kuma a sake cikin gado ba, domin komai gangarowa yake ƙarƙashinka. Na ga gilashin waya da ya tsage a haka. Ja wani siririn kirtani daga wannan bakin gadon zuwa wancan, sama da fuskarka, ka rataya ƴar jaka a kai inda hannu zai kai ko ido a rufe. Kuɗi da takardu kuma, kakanninmu fatake da suka yi ta safarar goro daga Gwanja ba wawaye ba ne da suka riƙa ɗaura lalita a ƙugu ƙarƙashin riga. Ɓarawon dare ba ya son taɓa mai barci. Abin da ke nesa da jiki yake nema.

Babbar jaka da abinci, sama. Amma kada jakar ta jingina da gindin bishiya, don nan ne babban titin tururuwa da cinnaka da gara. A rataye ta a reshe, ko a igiyar da aka ja tsakanin bishiyu biyu, tana lilo ba ta taɓa komai. Tun daga gida a sa babbar leda a cikinta a zuba tufafi a ciki, kowane zik a rufe. Abinci kada ya haɗa igiya da gadonka. Kiyashi na bin igiya kamar yadda kuke bin gadar Kennedy, kuma in ya gama da sukari wurinka zai ƙaraso. Sukari da madara a zuba su cikin roba mai murfin murɗawa. Ledar kanti ba ta tsare komai. Ɗan tsumma da aka shafa wa mai a ɗaura a igiyar yana rage musu hanzari. Tsawon ratayar kuma a auna shi da akuya, ba akuyar da ke tsaye da ƙafa huɗu ba, wadda ta miƙe da biyu ta dafa bishiya. Ba ta san haram ba: burodi, kilishi, sabulu, littafi, har ledar da aka ƙunshe su. Kare da ɓera da gafiya su ma suna cikin masu zuwa gaisuwa. Kwanon da aka ci dambu a wanke shi a daren, a zubar da ruwan nesa.

Abin da ya rage a ƙasa shi ne wanda ba a ci, ba ya jiƙa: tukunya a kife, gawayi a buhu, jarkar ruwa da murfinta a rufe. Jarkar a ajiye ta taku kaɗan daga makwanci, haka wurin alwala, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa a rani kira ce ga ƙwari da kwaɗi, mai cin kwaɗi kuma kun san shi. Na san ba za ku je ko'ina ba tare da kayan shayi ba, ɗan fada da butarsa ai sai mutuwa. To murhun ya yi nesa da tamfol da gado, kuma ta inda iska za ta kwashe tartsatsi ta yi gaba da shi. Waɗannan yadukan roba ne. Ƙwayar wuta guda ta isa.

Wani zai ce, me zai hana in rataya jakar a igiyar gadon kanta? Ƴar ƙarama ba laifi. Amma ku fahimci abin da igiyar nan ke ɗauke da shi. Kuskuren kowane sabon shiga shi ne ya ja gado ya miƙe tamau kamar tsirkiyar baka, wai don ya kwanta sambal. In igiya ta sauko daga bishiya da karkatar digiri 30, kowane ɓangare na ɗauke da nauyinka cif. In ka ja ta har karkatar ta koma digiri 10, mutum mai kilo 70 ya ɗora wa kowace igiya kusan kilo 200. Nan ne ƙulli ke suɓucewa, ɗinki ya farke, reshe ya ɓalle. A bar shi ya yi ciki kamar ayaba, a kwanta a karkace, kai ta wannan gefe ƙafa ta wancan, sai baya ya miƙe. Tsawonsa daga ƙasa kada ya wuce na kujera in ka zauna. Kuma kada a bar wani abu mai tsini ko tauri daidai ƙarƙashinka. Ranar da igiya za ta ci amana, a kan abin da ka ajiye za ka sauka.

Damina kuma ita ce ta koya mini darasi na biyu, kuma na fi jin kunyarsa, don a lokacin ina ganin na gama sani. Ruwan Yamai a shekara bai cika wuce milimita 600 ba, amma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba, kuma ba ya zuwa da sallama. Gabas ta yi ja, ƙura ta taso kamar bango, iska ta biyo, sannan ruwa, ba daga sama ba, daga gefe. Wani dare cikin Agusta na kafa rumfar tamfol a kan makwancina, na shimfiɗa wani babba a ƙasa, ina alfahari da faɗinsa, har ya leƙo waje ta kowane gefe. Na jera kayana a kai. Da ruwa ya sauko, duk abin da ya gangaro daga rumfar a kan bakin shimfiɗar ya zuba, ita kuwa ba ta shan ruwa, sai ta tattara shi ta kai tsakiya inda nauyin kayana ya yi kwari. Da na haska, takalmina na iyo. Da ƙasa ce tsirara da ta shanye rabinsa. Ni da hannuna na haƙa wa kayana tafki.

Ke nan shimfiɗa ta fi rumfa ƙanƙanta, ko yaushe. Bakinta ya shige ciki da kamar taƙi guda daga inda ruwan rumfa ke ɗiga. Abin da ya yi saura a naɗe shi ta ƙarƙashi. Rumfar a sassauto da ita ta gabas, a kafe ta da gaske, don iskar farko ce ke tsige ta. In wurin na da gangare, a ja ɗan siririn lambatu ta sama ya karkatar da ruwa, a cike shi in za a tafi. Akwai kuma wata hanyar da ruwa ke bi wadda ba a zato: igiyar gadon. Yana gangarowa daga bishiya ya bi ta har cikin ƙyallen, ka farka bayanka sharkaf alhali rumfa ba ta yoyo. Maganinsa ɗan guntun kirtani ko igiyar takalmi, a ƙulla a jikin igiyar daga cikin rumfa a bar jelarsa na reto. Ruwan zai bi shi ya ɗiga ƙasa. In kuwa tsawa ta yi yawa, kuma bishiyarku ita ce doguwa tilo a fili, ku bar mata gadon ku nemi gini.

Duk wannan bai da amfani in an zaɓi mugun wuri. Rairayin ƙorama busasshiya, abin da muke ce wa kori, ya fi ko'ina laushi da tsabta, shi ya sa yake ruɗin baƙo. Ruwan da aka yi a wani gari, inda ko gajimarensa ba ku gani ba, yana iya isowa cikin dare da itace da duwatsu. Kogin kansa cika biyu yake yi a Yamai. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda rafuka irin su Sirba da Dargol da Goruwal ke kawowa daga wajen Burkina. Shi ne ya ɓalle a 2012, ya kuma ɓalle a 2020 ya cinye unguwanni irin su Lamorde da Karaje da Kirkisoye. Akwai kuma wanda ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali, sai wajen Janairu ya iso mana, ana tsakiyar ɗari babu ko ɗigon ruwan sama. Ku tambayi masunta da masu lambu inda ruwa ya tsaya jiya. Ku tambaye su kuma ta ina dorina ke fitowa kiwo da dare, don tana da hanyarta, kuma ba ta ratsewa don ta ga tamfol.

Bishiya ma a ɗaga kai a dube ta kafin a ɗaura mata igiya. Busasshen reshe a sama, a'a. Giginya mai ƴaƴa, a'a, ƙwallo guda ya isa ya fasa kai. Bishiyar turare na yar da reshe ba gargaɗi. Gawo a rani matattarar dabbobi ce saboda ƴaƴansa, gindinsa kashi ne da kaska da ƙaya. Dogonyaro da mangwaro sun fi, sai dai mangwaro in ya nuna jemagu za su kwana suna yi muku ruwan abin da ba a faɗi. Kuma siririyar igiya na yanka ɓawo. A yi amfani da ɗamara mai faɗi, ko a naɗa tsumma ko guntun buhu kafin a ɗaura. Mangwaron nan dukiyar wani ne. Dogonyaron da ya kewaye garin nan tun 1965 aka fara dasa shi, kuma kun ga abin da gatari da masu yanka filaye suka bari.

Sauro ba ya bukatar dogon zance, sai dai abu guda: yana cizo ta cikin ƙyallen, daga ƙasa. Gidan sauron da ya rufe sama kawai aikin banza ne. Sai ya naɗe gadon duka, a tattara bakinsa a ƙulle ta ƙarƙashi. A Disamba da Janairu kuma iskar nan da ta yi muku daɗi a bazara ita za ta hana ku barci, don haka bargo ɗaya ƙarƙashi, ɗaya sama.

Akwai maganar da ba na jin daɗin yi amma dole. A zamaninmu ɗalibai kan je Tapowa su kwana a gandun dajin W, a je Kure, kilomita 60 kacal daga nan, a kalli raƙuman dawa a yi dare. Tun abin da ya faru a Kure ran 9 ga Agusta 2020, inda aka kashe mutum takwas, kowa ya san zamani ya juya. Kada ƙuruciya ta kai ku inda hukuma ta hana ko inda mutanen wurin da kansu ba su kwana. Ku tsaya lambun da aka san ku, ku nemi izinin mai shi, ku gai da mai gari ko mai unguwa, a gida a san inda kuke da ranar dawowa. Ku ajiye waya guda a kashe don cajinta ya kai ku safe.

Ɗan ƙanwar tawa dai ya tafi, da tamfol ɗina na aro. Ran Lahadi da yamma ya dawo, ya zauna yana ba ni labari da hannu da ƙafa. Wai sun ga kunama biyu ƙarƙashin shimfiɗa da safe, wai akuyar mai gadi ta cinye musu burodin kwana biyu saboda wanda aka sa ratayewa gajere ne. Na karɓi tamfol na warware a tsakar gida, sai ga huda uku a gefe guda, kowace kamar dala, bakinsu a ƙone. Na dube shi. Ya ce, "Wallahi Kawu ba ni na yi shayin ba." Na ce ya kai wa mai faci na bakin titi ya liƙe da guntun tub. Yau sati uku ke nan, kullum in mun haɗu sai ya ce gobe.